Hargitsin iskar waje da zafin faranti: me ya sa lissafin kwamfuta ke saɓa wa gwaji?

Nafisa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan wani lissafi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ina kwaikwayon kwararar iska a kan shimfiɗaɗɗen faranti mai zafi, tsawonsa mita 1.5, wanda aka gwada a ramin iska bayan an kafa shingen sanduna a gabansa domin ya hargitsa iskar. Gudun iskar mita 10 ne a daƙiƙa, kuma an auna ƙarfin hargitsinta kashi 5 cikin ɗari a daidai bakin farantin. Na yi amfani da samfurin hargitsi na SST haɗe da samfurin Langtry da Menter, mai hasashen wurin sauyi daga natsattsiyar kwarara zuwa hargitsattsiya, na sa mashigar yankin lissafi rabin mita a gaban bakin, na rubuta kashi 5 a can, sannan na bar ninkin danƙo, wato danƙon hargitsi a raba da danƙon iska, a kan 10 kamar yadda na tarar da shi a manhajar. Ragar lissafina tana da y+, wato ma'aunin nisan ɗigon farko daga bango, ƙasa da 1 a ko'ina. A gwajin, zafin da farantin ke bayarwa ya fara hauhawa tun wajen santimita 10 daga baki, amma a lissafina shimfiɗar bango, wato siririn yankin iskar da ke manne da farantin, ta zauna a natse har kusan mita ɗaya. Bugu da ƙari, ko a can ƙarshen farantin, inda duka biyun suka hargitse, lambar Stanton, wato ma'aunin zafin da farantin ke bai wa iska, tana ƙasa a lissafi fiye da a gwaji. Shin in ƙara matse ragar ne, ko kuwa in sauya samfurin gaba ɗaya?

Injiniya Habu:
Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Kada ki taɓa ragar tukuna. Kashi 5 da kika rubuta a mashiga ba shi ne ya iso bakin farantin ba, domin hargitsi yana mutuwa a hanya idan babu abin da ke ciyar da shi, kuma saurin mutuwarsa yana hannun wannan ninkin danƙo da kika bari a kan 10. Ana iya yin lissafin da alƙalami. Da gudun mita 10 da ƙarfin kashi 5, kuzarin hargitsi k yana zama 0.375. Danƙon iska kusan 0.000015 ne, ninkinsa goma 0.00015, saboda haka ω, wanda shi ne k a raba da danƙon hargitsi, ya zama 2500. A wajen shimfiɗar bango, SST yana rage k bisa wannan ƙa'ida: a ɗauki 1 a tara da 0.0828 sau ω sau lokacin tafiya, a ɗaga sakamakon zuwa ƙarfin 1.087, a raba k na mashiga da shi. Iskarki tana cin rabin mita a daƙiƙa 0.05, wanda ke nufin abin da ya rage na k kusan kashi 7 cikin ɗari ne kawai, ƙarfin hargitsin kuma ya faɗo zuwa kusan kashi 1.3 a bakin farantin, ya ci gaba da sauka har kashi 1 bayan wasu santimita 40. Da kin sa ninkin a kan 100, da abin da ya iso bakin ya kai kashi 3.4. Gani ya kori ji: ki ja layi madaidaici daga mashiga zuwa mafita, nesa da bango, ki zana Tu, wato ƙarfin hargitsin, a kansa, za ki ga gangaren da idonki.

Dakta Rabi:
Abin da Injiniya ya faɗa shi ne tushen matsalar, kuma ina so in ƙara bayani a kan dalilin da ya sa bambancin kashi 1 da kashi 5 yake da girma haka, domin hanyar sauyin ce take canzawa, ba wurinsa kaɗai ba. Idan iskar waje tana da tsabta sosai, shimfiɗar bango tana rikicewa ne ta hanyar ƙananan raƙuman da Tollmien ya lissafo a 1929, Schlichting ya faɗaɗa a 1933, waɗanda aka daɗe ana musun wanzuwarsu, har G. I. Taylor ya tsaya a kan cewa hargitsin waje ne ke haddasa sauyin. Ba a ga raƙuman ba sai da Schubauer da Skramstad suka rage hargitsin raminsu na Washington zuwa kusan kashi 0.03 a farkon shekarun 1940, inda shimfiɗar ta zauna a natse har lambar Reynolds, wato gudu sau nisa daga baki a raba da danƙon iska, ta kusa miliyan 2.8. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin da zarar hargitsin ya haura kusan kashi 1, sai kwararar ta tsallake waɗannan raƙuma ta bi gajeriyar hanya, wadda Morkovin ya raɗa wa suna a 1969.

A wannan gajeriyar hanya, ba duk girgizar da ke waje ce ke samun shiga shimfiɗar ba. Saɓanin gudu da ke cikinta yana tare girgiza mai sauri a bakin ƙofa, ya bar masu jinkiri su kutsa. Waɗanda suka kutsa suna ɗaga iska mai nawa daga kusa da bango zuwa sama, su danno mai sauri zuwa ƙasa, sai a sami dogayen ratsi-ratsi na iska mai sauri da mai nawa a jere, waɗanda ake danganta su da sunan Klebanoff. Matsubara da Alfredsson sun auna su a Istokholm a 2001, suka ga kuzarinsu yana ƙaruwa daidai da nisan da aka yi daga baki. A shekarar ce kuma Jacobs da Durbin suka nuna, da lissafin da ke warware kowace 'yar guguwa, yadda ratsin mai nawa ke tashi zuwa saman shimfiɗar, ya gamu da girgiza mai sauri da aka hana shiga, ya tarwatse ya zama tabon hargitsi irin wanda Emmons ya fara gani a kan teburin ruwa a 1951. Tabunan suna girma suna haɗewa har su cinye shimfiɗar duka.

Ga abin da wannan ke nufi a lambobi. Ƙa'idar Mayle ta 1991 ta ce lambar Reynolds ta kaurin θ, ɗaya daga cikin ma'aunan kaurin shimfiɗar, a wurin fara sauyi ita ce 400 a raba da Tu mai ƙarfin 5/8. A kashi 5 tana ba da kusan 146, wanda bisa maganin Blasius na natsattsiyar shimfiɗa ya yi daidai da santimita 7 a farantinki, kuma tunda hargitsin ya ɗan ragu kafin ya isa can, santimita 10 da gwajin ya nuna abu ne da hankali zai ɗauka. A gwaje-gwajen T3 da Roach da Brierley suka yi a Rolls-Royce, wanda ke da hargitsi ƙasa da kashi 1 bai sauya ba sai da lambar Reynolds ta haura miliyan ɗaya, alhali mai kashi 3 ya fara tun kafin 200,000. Samfurinki bai yi ƙarya ba, ya amsa tambayar da aka yi masa ne.

Malam Sani:
Ina tare da Injiniya da Dakta a kan ganewar ciwon, amma ina da ja a kan maganin da nake hango ana shirin bayarwa. Na sha ganin mutum ya zauna yana murɗa ninkin danƙo, daga 10 zuwa 50 zuwa 200, har wurin sauyi ya faɗa inda gwaji ya ce, sannan ya rubuta a rahoto cewa samfurin ya yi hasashe daidai. Wannan ba hasashe ba ne, jan layi ne ta kan ɗigon da aka riga aka sani. Samfurin Langtry da Menter, wanda aka fitar da cikakkun ƙa'idojinsa a 2009, ba ya ganin ratsi ko tabo. Yana ɗauke ne da ƙa'idar da aka tsamo daga gwaje-gwaje, irin ta Abu-Ghannam da Shaw ta 1980, yana duba Tu da sauyin matsi a wurin, ya yanke hukuncin inda zai buɗe wa k ƙofa. Gwaje-gwajen T3 kuwa suna cikin waɗanda aka daidaita shi da su tun farko. Idan aka ba shi faranti irin nasu, aka kuma murɗa masa mashiga har ya dace, to me aka tabbatar?

Injiniya Habu:
Malam Sani, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma na yarda da kai cewa wanda ya daidaita ninkin danƙo da wurin sauyi ya yi maguɗi ko da bai sani ba. Abin da nake nufi dabam ne. Samfurin yana da lissafi biyu, na k da na ω, don haka dole a ba shi lambobi biyu a mashiga, kuma duka biyun ya kamata su fito daga ma'aunin iskar waje, ba daga ma'aunin bango ba. Idan an auna Tu a wurare biyu ko fiye a tsawon ramin, za a iya zaɓar ω da zai sa gangaren lissafi ya bi gangaren gwaji, ba tare da an ko kalli zafin farantin ba. Bayan an kulle waɗannan lambobi, duk abin da samfurin ya ce game da bango hasashe ne na halal, ya dace ko bai dace ba. Malama Nafisa, ki tambayi waɗanda suka yi gwajin ko sun zagaya da zazzafar wayarsu ta auna girgizar iska zuwa wasu wurare ban da bakin farantin.

Bashir:
Ina ɗan tsoma baki a matsayin mai koyo. Idan mutuwar hargitsi a hanya ce matsalar, me zai hana a yi amfani da samfurin Spalart da Allmaras, tunda na ji ana cewa ba ya damuwa da abin da aka sa a mashiga?

Injiniya Habu:
Bashir, rashin damuwar tasa ita ce ta fitar da shi daga wannan aiki. Wannan samfuri na 1992 lissafi ɗaya gare shi, na danƙon hargitsi, ba shi da k ko kaɗan, saboda haka babu inda zai ajiye labarin cewa iskar waje tana girgiza da kashi 5. An gina shi ne domin fikafikan jirgin sama, inda iskar da ke zuwa take da tsabta. A irin wancan aikin ma, Spalart da Rumsey sun yi nazari a 2007 a kan yadda k da ω ke ruɓewa a tsakanin iyakar nesa da jikin jirgi, suka ba da shawarar ƙara wa lissafin abin da zai riƙe su a mataki ɗaya. Dabarar tana da amfani a can, amma a ramin da ke da shingen sanduna hargitsin yana raguwa da gaske, kuma wannan raguwar ce muke son kamawa, ba hana ta ba.

Nafisa:
Na gode ƙwarai. Na zana layin, kuma Tu ya iso bakin farantin a kashi 1.3 kamar yadda Injiniya ya lissafa. Na kuma samo ma'auni na biyu: kashi 3 a santimita 60 bayan bakin. Da na warware ƙa'idar da waɗannan ɗigo biyu, ω ya fito kusan 314 a bakin, ninkin danƙo kuma kusan 80. Sai dai da na yi yunƙurin komawa baya zuwa mashigata, lissafin ya ba ni ω mai alamar ragi, abin da ba ya yiwuwa. Ina abin ya karkace?

Injiniya Habu:
Babu abin da ya karkace a lissafinki, yankin lissafin ne ya yi tsawo. Idan aka bi gangaren ta baya, akwai wurin da k da ω ke haurawa ba iyaka, kuma da lambobinki wannan wuri yana santimita 38 ne a gaban bakin, alhali mashigarki tana santimita 50. A ramin gaske, kusan nan ne shingen sandunan yake tsaye. Ki matso da mashigar zuwa santimita 10 daga baki, ki sa Tu kashi 5.9, ninkin danƙo kusan 82. Za ki lura cewa ninkin bai sauya sosai ba tsakanin mashiga da baki, domin a wannan samfuri k da ω suna raguwa kusan tare. Akwai kuma wani abu da ya kamata ki sani tun yanzu: ƙarfin 1.087 da samfurin ke rage k da shi ya ɗan gaza abin da Comte-Bellot da Corrsin suka auna a bayan shinge a 1966, wanda ya kusa 1.25, don haka gangaren zai ratsa ɗigonki biyu amma zai ɗan kauce a wajensu. Idan kina bukatar dogon yanki a gaba saboda siffar bakin, za ki iya daskarar da raguwar har zuwa santimita 10 ɗin, sannan ki sake ta.

Farfesa Garba:
Na karanta duka, kuma ina ganin an warware rabin tambayar Nafisa, an bar rabi na biyu, wato ƙarancin lambar Stanton a ƙarshen faranti. Wannan ba zai gyaru duka da gyaran mashiga ba, kuma gara ta san dalili kafin ta ɓata lokaci a kan raga.

Hargitsin waje yana taɓa zafi ta hanyoyi uku, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Mafi girma ita ce matso da wurin sauyi. A lambar Reynolds 200,000, bangon da zafinsa yake daidai a ko'ina yana bayar da zafi kusan ninki uku da rabi idan shimfiɗar ta hargitse, a kan yadda yake bayarwa idan tana natse, domin lambar Nusselt, wadda ita ma ma'aunin musayar zafi ce, tana tashi ne daga 0.332 sau tushen Reynolds zuwa 0.0296 sau Reynolds mai ƙarfin 0.8. A natsattsiyar shimfiɗar da babu sauyin matsi a kanta, Kestin da abokan aikinsa sun ga a farkon shekarun 1960 cewa hargitsin waje ba ya ƙara zafi sosai kafin sauyi, amma da zarar iskar tana ƙara gudu, sai tasirin ya bayyana.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta shafe ki, 'yata. Ko bayan shimfiɗar ta hargitse da kanta, 'yan guguwar waje suna shiga ɓangarenta na sama su cakuɗa shi, su cike siffar gudu da ta zafi, bango ya ƙara jin gogayya da sanyi. Simonich da Bradshaw sun ruwaito a 1978 cewa kowane kashi 1 na hargitsin waje yana ƙara musayar zafi da kusan kashi 5. Hancock da Bradshaw sun nuna a 1983 cewa ƙarfin hargitsin kaɗai bai isa ba, sai an raba shi da 2 haɗe da girman guguwar a kan kaurin shimfiɗar, wato guguwar da ta fi shimfiɗar girma nesa ba kusa ba tana kaɗa ta ne gaba ɗaya, ba ta cakuɗa cikinta. A shekarar ce Blair ya tabbatar da abin da ya fi damun masu lissafi, cewa zafi yana ƙaruwa fiye da yadda gogayya ke ƙaruwa. Samfurin da ya kafa lambar Prandtl ta hargitsi, wato gwargwadon yadda hargitsi ke yaɗa gudu a kan yadda yake yaɗa zafi, a kan 0.85 ko 0.9 a ko'ina ya riga ya ɗaure zafi da gogayya wuri ɗaya, don haka ko ya kama gogayyar daidai, zai gaza a zafi. A hargitsi mai tsanani ƙwarai, na kashi 20 zuwa sama, Maciejewski da Moffat sun auna lambar Stanton da ta ninka ta al'ada har sau huɗu a 1992.

Hanya ta uku tana goshin jiki mai kauri, inda iska ke tsayawa cak kafin ta rabu biyu. A nan kwararar tana miƙe 'yan guguwar kamar zare, su ƙara ƙarfi, su jera a kan goshin, su ƙara masa zafi alhali shimfiɗar tana natse. Lowery da Vachon sun tsara ƙa'idarsa a kan silinda a 1975. Wannan ne ya sa masu ƙera injin jirgi ba sa wasa da batun, domin iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai tana ɗauke da hargitsin kashi 10 zuwa 20, tana kuma dukan goshin fikafikan farko da zafin da ya wuce abin da ƙarfen zai iya jurewa ba tare da sanyayawa ba.

Malam Sani:
Farfesa ya taɓo wurin da nake son zuwa, Allah ya ƙara basira. Malama Nafisa, yaya kika zana bakin farantin a ragarki? Idan siriri ne marar kauri, kin kauce wa matsala ɗaya amma kin bar siffar gaskiya. Idan kuwa kin zana shi da goshinsa, to ki duba k a daidai wurin. Samfuran da ke da lissafi biyu suna ƙirƙirar k daga danƙon hargitsi sau murabba'in matsewar kwarara, kuma a goshi matsewar tana da yawa ko da babu juyawa, sai samfurin ya tara hargitsin ƙarya ya kwarara da shi cikin shimfiɗar. Da ninkin danƙo 10 ba za ki ga abin sosai ba, amma da 80 zai fito fili. Kato da Launder sun ba da gyara a 1993 ta hanyar shigar da juyawa cikin lissafin, Durbin ya ba da nasa a 1996, SST kuma yana da takunkumin da ke hana ƙirƙirar ta wuce ninki goma na ruɓewa a sigarsa ta 2003. Ki tabbatar wanne ne a kunne, ki kuma faɗe shi a rahotonki. Haka nan babban ninkin danƙo yana iya ɗaga gogayya sama da ta Blasius tun kafin sauyi. A gwajin T3B, wanda ake kwaikwaya da ninki kusan 100, ma'aunin gaske ma ya nuna wannan ɗagawar, don haka ba lallai ne ta zama kuskure ba, amma ba za mu ce samfurin ya samo ta bisa dalilin da ya dace ba.

Nafisa:
Na sake gudanar da lissafin da mashiga a santimita 10, Tu 5.9, ninki 82, da gyaran Kato da Launder a kunne, bakin kuma na zana shi da ainihin siffarsa. Gangaren Tu ya ratsa ma'aunai biyun. Sauyin yanzu yana farawa kusa da inda gwaji ya nuna, sai dai ya fi na gwajin gaggawa, ya kammala cikin ɗan gajeren nisa. A ƙarshen farantin gibin ya ragu da yawa amma bai rufe ba. Na kuma gano cewa ɗumamar farantin ba ta fara daga baki ba, sai bayan 'yan santimitoci, kuma wutar lantarki ce ke ba shi zafi daidai wa daida a kowane yanki.

Dakta Rabi:
Wannan jimla ta ƙarshe tana da nauyi. Idan wutar ce daidai wa daida, to sharaɗin bangonki yawan zafin da ke fita ne a kafe, ba ma'aunin zafin bango ba, kuma a natsattsiyar shimfiɗa lambar gaban ƙa'idar tana komawa 0.453 maimakon 0.332, ninkin da Farfesa ya ambata kuma ya sauko ƙasa da uku. Yankin da ba a ɗumama ba ma dole ya shiga ragar, domin shimfiɗar zafi tana farawa ne daga inda ɗumamar ta fara, siririya, a cikin shimfiɗar gudu da ta riga ta yi kauri. Ki kuma tambaya ko an cire zafin da ke zurarewa ta bayan farantin da wanda ke fita ta radiyeshin kafin a lissafa lambar Stanton, domin a gudun mita 10 waɗannan asarori ba ƙanana ba ne idan aka kwatanta su da abin da iskar ke ɗauka, musamman a yankin da ke natse. Game da gaggawar sauyin, ki duba yawan ɗigon raga a tsawon yankin da tsarin lissafin da kika zaɓa wa k da ω, kada ya zama na mataki na farko. Idan waɗannan sun yi daidai, ragowar daga ƙa'idar tsawon sauyi ce da ke cikin samfurin. A gaske tabunan suna zuwa ne jefi-jefi, wurin yana hargitse wani lokaci yana natse wani lokaci, kamar yadda Dhawan da Narasimha suka siffanta a 1958, kuma matsakaicin wannan kai-komo ne ke miƙar da hauhawar.

Bashir:
To idan samfuran matsakaici suna da waɗannan iyakoki, ashe ba gara a tafi kai tsaye ga lissafin manyan guguwa ba, wato LES?

Dakta Rabi:
Ana iya tafiya, amma matsalar mashiga za ta bi mutum can, ta ƙara girma. A RANS, wato samfuran matsakaici irin na Nafisa, lambobi biyu ake nema, a LES kuwa sai an ƙirƙiro iska mai girgiza a kowane ɗigo da kowane lokaci, mai ƙarfi da girma da rabon kuzari irin na ramin. Idan aka watsa lambobin da ba su da alaƙa da juna, suna mutuwa cikin 'yan ɗigon raga. Shi ya sa ake amfani da tacewar Klein, Sadiki da Janicka ta 2003, ko ƙirƙirarrun guguwa na Jarrin da abokansa na 2006, ko a saka shingen sandunan kansa a cikin ragar, kuma kowace hanya tana bukatar nisa kafin girgizar ta zama hargitsi na gaske. Sannan ratsi-ratsin sirara ne, faɗinsu bai wuce kaurin shimfiɗar da yawa ba, don haka ragar kusa da bango tana kusantar ta cikakken lissafi.

Ribar ita ce LES yana jin girman guguwa ta hanyar da samfurin Nafisa ba zai ji ba. A samfurinta, girman yana shiga ne ta saurin raguwar Tu kawai. Brandt, Schlatter da Henningson sun samu a 2004 cewa manyan guguwa suna matso da sauyi gaba, amma gwaje-gwajen Fransson da Shahinfar na 2020 sun nuna fuska biyu: a hargitsi mai rauni ƙarin girma yana gaggauta sauyi, a mai ƙarfi kuwa yana jinkirta shi. Ƙa'idar da ke duba Tu kaɗai ba ta da inda za ta ajiye wannan.

Malam Sani:
A nan ne nake ƙara jaddada jan da na yi tun farko, ko da yake na amince hanyar Injiniya ta daidaita gangare halal ce. Girman da Nafisa ta samo daga gangaren, idan aka raba k mai ƙarfin 1.5 da saurin ruɓewa, ya kusa santimita 2, kuma wannan girman ruɓewa ne, ba lallai ya yi daidai da girman da zazzafar waya za ta bayar ba idan aka lissafa shi daga alaƙar siginar da kanta bisa zaton Taylor. Waya ɗaya kuma tana auna girgizar da ke bin tsawon rami ne kaɗai, alhali mun ɗauka cewa ɓangarorin girgizar uku, na tsawo da na faɗi da na tsaye, daidai suke da muka rubuta k, kuma a bayan shinge na tsawon yakan ɗan fi sauran. Ɓangaren da ke fuskantar bango shi ne ke ɗaukar zafi, shi ne kuma bango ke danne shi tun daga nisan da ya kai girman guguwa, kamar yadda Hunt da Graham suka lissafa a 1978. Samfurin da ke da k ɗaya tak ba ya bambance su.

Farfesa Garba:
Nafisa, ki gyara sharaɗin bango da yankin da ba a ɗumama ba tukuna, domin waɗannan ba su da alaƙa da samfuri. Bayan haka ki zana gogayya da lambar Stanton tare, idan gwajin ya auna duka biyun, ki ga ko gibin yana zafi ne kaɗai. Idan haka ne, ki gudanar da lissafin sau biyu, da lambar Prandtl ta hargitsi 0.9 da 0.8, ki nuna duka a rahoto a matsayin faɗin rashin tabbas, kada ki zaɓi wadda ta fi dacewa ki ɓoye ɗayar. Kafin ki matsa zuwa fikafikan tabayin, wato farfelar da ke bayan ɗakin ƙona mai a injin jirgi, ki gwada wannan tsari naki a kan jerin LS89 da Arts da abokansa suka auna a Cibiyar von Karman ta Beljiyam a 1990, inda aka auna zafi a kan fiffike ɗaya da hargitsin kusan kashi 1 har zuwa kashi 6. A can an ba da ƙarfin hargitsin, amma girman guguwar ya zama abin da masu lissafi suka daɗe suna saɓani a kansa.

Nafisa:
Na gode, Farfesa. An auna gogayya a wurare kaɗan ne, amma akwai ta. Zan nemi ɗanyen siginar zazzafar wayar domin in lissafa girman guguwar da kaina, in kwatanta shi da santimita 2 da Malam Sani ya fitar. Tambaya ɗaya ta rage mini ga Injiniya: idan girman da na samu daga siginar ya saɓa wa wanda gangaren ya bayar, wanne zan bi wajen sa ω?

Injiniya Habu:
Ki bi gangaren, domin Tu na wurin ne samfurin sauyi ke karantawa, kuma shi ne kike da ma'auninsa kai tsaye. Girman da siginar ta bayar ki rubuta shi a rahoto kusa da ɗayan, ki kuma yi amfani da shi idan kin zo gina mashigar LES. Idan saɓanin ya wuce ninki biyu, ki turo mana tsawon lokacin da aka ɗauki siginar da saurin ɗaukarta, mu duba ko an yanke girgiza masu jinkiri wajen tacewa.